Jinyar Asabe a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A wurin aiki kafin in ajiye jaka an tare ni, a unguwa kuma ko gaisuwar suna na shiga sai an ce, "Sista Rabi, yaya Nijar ɗin take? Da gaske ne likitocinsu ba sa jin Turanci?" Na ba da labarin nan a tsaye, na ba da shi a zaune, har na lura kullum sai na manta wani wuri. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata takarda.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Daura. Shekarata goma sha bakwai a ɗakin kwantar da mata, kuma yawancin waɗanda ke biyowa ta hannuna masu hawan jini ne da ciwon zuciya. Duk da kusancinmu da iyaka, ban taɓa tsallaka ta ba sai a wannan tafiya.

Dalilin tafiyar Asabe ce, 'yar yayana marigayi. Ni na riƙe ta tun tana shekara tara har na aurar da ita ga Lawali, wani baduku ɗan Damagaram da ke kawo jakunkuna da takalman fata kasuwarmu. Ta yi haihuwa ta uku, aiki ya hana ni zuwa suna, na aika da kayan barka. Bayan mako uku wani direba ya yi sallama a ƙofar gida da wasiƙa daga Lawali. Na daɗe ina juya ta kafin in gane, don Hausa ce amma da rubutun Faransanci, inda za mu sa "u" su "ou" suke sawa. Da na harhaɗa, ga abin da ta ƙunsa: ƙafafun Asabe sun kumbura, tana tari, kuma ba ta iya barci sai a zaune.

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Na ga irin wannan a gadajen ɗakinmu ba sau ɗaya ba. Zuciyar maijego ce ta gaji, ruwa ya fara taruwa a jiki. Washegari na nemi hutu a wurin aiki, maigida ya ba ni izini, ya ce in tafi da ƙanena Hamisu, tela ne a bakin kasuwa. Na haɗa kayan sawa kala huɗu, na saka abin awon jinina, irin tsohon nan mai akwatin ƙarfe, da abin sauraron ƙirji.

Mun bar tasha da hantsi a wata tsohuwar tasi. Lokacin ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci a jiharmu ba, don haka mata muka cika baya, maza suna gaba. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai kai atamfa, wadda ta ce ta san hanyar nan fiye da tsakar gidanta. Kafin mu kai Mai'aduwa ta gama ba ni darasi.

"In mun isa wajen jandarma, ki gaishe su tukuna. Kada ki yi saurin magana, kada ki nuna kina sauri. Mutanen can ba sa son gaggawa."

Na ce mata to, amma raina yana wajen Asabe.

A ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba. Da muka tsallaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jandarma dogo mai furfura a gefen kai ya buɗe jakata, ya ɗago akwatin ƙarfen nan, ya jijjiga shi a kusa da kunnensa. In gilashin ciki ya fashe, shi ke nan.

"Ranka ya daɗe, a hankali. Na awon jini ne."

"Na tansiyo?" in ji shi.

'Yar kasuwar ta taɓa ni ta ce haka suke kiran hawan jini. Sai ya ajiye akwatin a kan benci, ya naɗe hannun riga, ya zauna. Na auna shi a nan bakin hanya, fasinjoji na kallo. Jininsa ya hau sosai. Na tambaye shi ko yana ciwon kai, ya ce kullum da yamma, a ƙeya. Na ce ya je a duba shi cikin makon nan, ya rage gishiri, kuma in an ba shi magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Kafin in rufe akwatin abokan aikinsa biyu sun yi layi. Direbanmu ya tsaya yana kallon sama. Da muka tashi, jandarman da kansa ya ɗauko mini jaka har mota.

Daga nan muka bi ta Matamaye da Kance. Hanyar ba ta da faɗi amma ba ramuka, motoci kuma ɗaiɗai. A Takeita motar ta yi zafi, aka tsaya neman ruwa. Hamisu ya sayo burodi, dogo kamar sanda, mai ɓawo da tauri. Ya ɗauka ya kwana ne, ya koma zai mayar, mai burodin ya rantse masa yanzu aka fito da shi daga wuta. A nan kuma ya ji wani mutum ya ɗaga murya yana kiran wani dattijo mai tsaf da shi "mushe". Hamisu ya dawo mota ransa a ɓace, ya ce bai taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba. 'Yar kasuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai girmamawa ce, malamin makaranta suke kira haka.

Mun shiga Damagaram bayan azahar. Lawali na jiranmu a tasha, ya rame, ya kai mu gidansu a cikin tsohon gari, gidan ƙasa mai zaure biyu. Mahaifiyarsa, Inna Fatsuma, ta tare mu a tsakar gida. 'Yar tsohuwa ce gajera, mai tsabta, hannunta duk toka. Tana cikin yi mini sannu da hanya na hango wata ƙatuwar tukunya a kan murhu tana tafasa da ganye, na kuma jiyo tarin Asabe daga ɗaki. Ban tsaya an gama gaisuwa ba, na shige.

Zafin ɗakin ne ya fara dukana. Asabe na kishingiɗe a gadon ƙasa, an zuba garwashi a ƙarƙashi, ga kwanon kunun kanwa a gefe an sha rabi. Fuskarta ta cika, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ta ce "Gwaggo", ta tsaya neman numfashi kafin ta ƙarasa gaisuwa. Na ɗaga ta zaune, na sauko da ƙafafunta, na buɗe taga. Na danna ƙaurinta da babban yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Bugun hannunta na gudu. Da na sa abin sauraro a bayanta, ƙasan huhun duka biyu na ƙara kamar kunu ya fara tafasa.

A nan na yi kuskuren da ya kusa ɓata mini tafiyar. Na juya na ga Inna Fatsuma a bakin ƙofa riƙe da jariri, na ce da ƙarfi, irin muryar da nake yi a wurin aiki:

"Wa ya ce a ci gaba da gasa yarinyar nan a haka? Kashe ta za ku yi?"

Tsohuwar ta gyara wa jaririn zani ta koma tsakar gida. Lawali ya sunkuyar da kai.

Na ce masa asibiti za mu yanzu. Ya ce to, bari ya nemo mota mu tafi likita. Na ce ba gidan likita nake nufi ba, asibiti nake so, inda akwai gado da iskar numfashi. Muka yi ta ja, sai Asabe da kanta, tana haki, ta ce, "Gwaggo, nan asibitin ne likita. Likitan kuma lokotoro."

An karɓe mu ba ɓata lokaci. Babbar ma'aikaciyar ɗakin, Madam Zuwera, mace ce kakkaura, sa'ata, ba ta da yawan fara'a. Ta auna Asabe ta faɗa wa ta kusa da ita cewa jini sha shida ne bisa goma. Na zabura na ce ba zai yiwu ba, mai sha shida ai gawa ce, a sake awo. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce wa?"

"Gwaggonta ce. Ni ma ma'aikaciyar jinya ce a Daura."

"To mu nan sifirin ƙarshe muke yarwa. Abin da kuke cewa ɗari da sittin bisa ɗari, shi ne sha shida bisa goma. Kuma Hajiya, a Daura ke ma'aikaciya ce. Nan ke mai jinya ce. Ga tabarmarki can."

Na ji kunya, amma gaskiya ta faɗa. Ni ma haka nake yi wa 'yan uwan marasa lafiya masu nuna sun sani. Na shimfiɗa tabarmata a gefen gado, na ja bakina.

Aikinsu ya burge ni. Nan da nan aka ɗaga kan gadon, aka sa mata iskar numfashi, aka yi mata allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari. Lokotoro ya zo, saurayi ne siriri, ya duba ta ya rubuta takardar magani, su ordinas suke ce mata, Lawali ya sayo. Kafin magariba Asabe ta cika roba biyu da fitsari, numfashi ya fara sauka, har ta nemi a miƙo mata jariri.

Kwana goma sha biyu muka yi a asibitin. Kullum da safe, kafin ta karya, a ɗora ta a sikeli a rubuta. Duk abin da ta sha a auna, duk abin da ta fitar a auna. Akwai ƙaramar ƙwaya ta ƙarfafa zuciya da ba a ba ta sai an ƙirga bugun hannu minti ɗaya cif. Wannan duk kamar namu ne. Abin da ya rage mini shi ne aikin mai jinya: in goge mata jiki, in shafa mata mai a baya da dugadugai don kada fata ta tsage inda ta kumbura, in sa ta riƙa motsa ƙafa tana kwance don kada jini ya daskare, in tallafa mata jariri a kan filo lokacin shayarwa don kada ta gaji. Shekara goma sha bakwai ina umartar mutane su yi waɗannan, ban san nauyin yin su wuni guda ba sai a kan tabarmar nan. Ban san tsawon jiran ma'aikaciya ta zo ba sai da na zauna ina leƙen ƙofa.

A rana ta uku Madam Zuwera ta sassauta. Ta same ni ina leƙen takardar gado, na kasa gane komai, don ɗayansu kamar bakwai ɗinmu yake, bakwai ɗinsu kuma da sanda a ciki. Ta zauna ta fassara mini. Daga nan muka saba. Takan tambaye ni yadda muke yi a Najeriya, ni ma in tambaye ta. Abin da ya fi ba ni mamaki, da an tashi aiki sai ta gyara lulluɓinta ta hau babur ɗinta da kanta ta tafi gida, ba wanda ke waiwayenta. Na ce mata a Daura in na yi haka, har yaran unguwa sai sun raka ni. Ta ce to in ƙafa ta fi mini, in ci gaba da takawa.

Wani abin kuma, da rana tsaka garin gaba ɗaya kwanciya yake yi. Ofis a rufe, kanti a rufe. Ranar farko Hamisu ya je sayo sabulu ya dawo yana tambaya ko rasuwa aka yi. Kafin mako ya zagayo shi ma ya koya. Ya samu teloli a bakin kasuwa, suna shan shayi a 'yan ƙananan kofuna har zagaye uku, yana nuna musu ɗinkin wuyan riga irin namu. Abinci kuwa bai ba mu wahala ba. Tuwon gero ne da miyar kuka, da dambu da zogale, sai cuku, wato busasshen nono mai faɗi kamar takarda, wanda na kasa tauna shi sai na jiƙa a shayi.

Inna Fatsuma kullum tana zuwa da la'asar da kwanon abinci da fulas. Ta gaishe ni a taƙaice, in amsa a taƙaice. Na so in ba ta haƙuri, girman kai ya hana.

A rana ta biyar sikeli ya nuna Asabe ta ƙaru maimakon ta ragu, ƙafa kuma ta sake ɗaurewa. Madam Zuwera ta duba magani, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ta tsaya tana nazari, sai ta ɗauki fulas ɗin da ke ƙarƙashin gado, ta buɗe ta sansana, ta miƙo mini. Kunun kanwa ne, an zuba gyaɗa don a ɓoye launi. Asabe ta fara kuka.

"Gwaggo, in kin fita alwala take ba ni. Ba zan iya ce mata a'a ba. Wallahi tun da na zo gidan nan ba ta taɓa ɓata mini ba."

Na miƙe na ce yau sai na yi wa tsohuwar nan magana a gaban ɗanta. Madam Zuwera ta riƙe mini hannu ta ja ni baranda.

"Kwana nawa za ki yi a garin nan?"

"In ta samu sauƙi zan koma."

"To in kin koma, wa zai dafa mata abinci? Wa zai ɗora ruwan wanka? Ke kina Daura. Ni ina nan, amma ba na bin ta gida. Wannan tsohuwar ita ce za ta yi jinyar gaske. In kika kunyata ta yau, kin ci nasara ta kwana bakwai, ita kuma ta ci ta shekara. Ni ba maras lafiya nake fara koya wa ba, mai riƙe da ludayi nake nema."

Washegari ta aika aka ce Inna ta zo da safe. Ta tare ta da gaisuwa mai tsawo, ta ba ta kujera, ta ce tana neman taimakonta ne, don idon tsofaffi ya fi na yara. Ta kama babban yatsan Inna ta danna shi a ƙaurin Asabe, ta ce ta ƙirga har biyar ta ɗaga. Ramin ya zauna. Ta ce Inna ta danna nata ƙaurin. Ba rami. Sannan ta ɗauko kwano, ta zuba garin gishiri a ciki, ta yayyafa ruwa, gishirin ya shanye ya dunƙule.

"Inna, haka gishiri da kanwa ke yi a jiki, riƙe ruwa suke. Mai lafiyar zuciya tana iya turawa ya fita. Zuciyar 'yarki ta gaji. Duk kofin kanwa kamar an ɗora wa gajiyayye wani buhu ne. Zafin wanka da na gado ma gudu suke sa ta, ita kuwa hutu take nema."

Inna ta daɗe tana kallon ramin da yatsanta ya bari. Sai ta ɗauki fulas ɗinta ta fita.

Da la'asar na same ta zaune ita kaɗai a inuwar wata bishiya a harabar asibitin. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata in yi tun ranar farko.

"Inna, ki yafe mini maganar da na yi ranar da na zo. Tsoro ne ya sa ni."

"Zauna," in ji ta. "Ni ma tsoron ne."

Sai ta ba ni labarin da ko Asabe ba ta sani ba. Tana da 'ya mace, yayar Lawali, Hassana. Shekara goma sha biyu da suka wuce ta zo gida wankan haihuwar fari. A lokacin Inna na fama da ciwon baya, itace kuma ya yi wuya, sai wanka ya zama sau ɗaya a rana, wani lokaci ruwan ma bai tafasa sosai ba. Hassana ta fara kumbura, ta fara tari. Kafin arba'in ta rasu. A wajen zaman makoki Inna ta ji wasu mata na cewa ɗanyen jiki ne, sanyi ne ya shige ta, uwar ba ta gasa ta da kyau ba.

"Tun ranar ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa sosai ba. Da na ga ƙafar Asabe ta fara, na ce wallahi wannan karon ba za a ce na yi sakaci ba. Na ninka wanka, na ninka kanwa. Ina ƙarawa tana ƙara kumbura, ni kuma ina cewa ban yi isasshe ba ne."

Ta share ido da bakin gyale, ta juyo ta dube ni.

"Ke da kika yi karatun abin, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Rashin wankan ne ya kashe Hassana?"

"Inna, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma abin da na sani, ba rashin wanka ba ne. Alamun da kika faɗa na ciwon zuciyar nan ne."

"To wankan da na yi mata ne?"

Ba na son in yi mata ƙarya, ba na kuma son in sauke mata wani kaya in ɗora mata wani.

"Ciwon yana kama wadda aka yi wa wanka, yana kama wadda ba a yi wa ba. Na gan su duka. Zafi da kanwa suna ƙara masa nauyi, shi ya sa muke hanawa. Amma ba ke kika sa mata shi ba, kuma a lokacin ba wanda ya zaunar da ke ya gaya miki abin da aka gaya miki yau."

Ta yi ta jan carbi har aka kira magariba. Da za ta tashi ta ce, "To me za ta sha? Maijego ba ta zama ba kunu."

Muka tsara tare. Kunun tsamiya da na gyaɗa, ba kanwa. Miya ba gishiri ba ɗanɗanon kanti, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Wanka sau ɗaya da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, a zaune, ba ɗaukar guga. Garwashi kuma a fitar da shi daga ɗaki. Ta ce maƙwabta za su yi magana. Na ce ta ce musu lokotoro ne ya hana. Ta ce a'a, za ta ce ita ta hana, sun fi jin tsoronta.

Daga ranar sikeli ya fara sauka. A rana ta tara Asabe ta kwanta da filo biyu kacal ta yi barci. A ta goma ta taka zuwa baranda. Kafin sallama lokotoro ya kira Lawali, ni da Madam Zuwera muna wurin, ya gaya masa a fili cewa zuciyar ba ta gama warkewa ba, magani na dogon lokaci ne, kuma wani ciki nan kusa zai iya tafiya da ita. Lawali ya ce ya ji, 'ya'ya uku da uwarsu a raye sun fi masa. Madam Zuwera ta ɗaura shan magani da lokutan salla, ta bambanta ƙwayoyin da zare mai launi a bakin kowace kwalba, ta damƙa su a hannun Inna, ba a hannuna ba.

Na ƙara mako guda a gidan. Ni da Inna ɗaki ɗaya muka kwana. Kullum da safe takan danna ƙaurin Asabe, ta zo ta ba ni rahoto. Ta haddace alamun da za su sa a koma asibiti ba jira: kumburi ya dawo, tari in an kwanta, haki a ɗan motsi, ko bugun zuciya ya rikice. Ranar da wata maƙwabciya ta shigo da kwanon kunun kanwa na barka, ina jin Inna ta karɓa da godiya, ta miƙa wa Hamisu ya shanye.

Ranar tafiya, bayan mun karya, Asabe ta ce sai ta raka ni zaure. Na bar ta. Ta taso da ƙafarta, ta ratsa tsakar gida ba ta dafa bango ba, ni kuma ina gefenta ina ƙirga numfashinta a ɓoye. Mun kai zaure na farko tana magana ba ta yanke ba. Za ta wuce na biyu, na buɗe baki zan ce ya isa, sai na ji murya daga bayanmu.

"Asabe, nan za ki tsaya. Koma ki zauna ki ɗora ƙafa a kan kujera. Ƙwayar hantsi ma ba ki sha ba."

Asabe ta dube ni tana murmushi, ta rungume ni, ta juya. Ni kuwa na rufe bakina, don na gane na riga na miƙa aiki, kamar yadda muke miƙa wa mai karɓarmu in lokacin tashi ya yi.

Mun iso Daura da la'asar, Hamisu rungume da burodinsa guda shida da ya ce tsaraba ce. Washegari na koma bakin aiki. Wasiƙar Lawali ta baya-bayan nan ta ce Asabe na shan magani, tana zuwa awo duk wata, tana girki a zaune, amma har yanzu ba a bar ta ta ja ruwa a rijiya ba. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, ya sa Inna Fatsuma, ya kuma roƙa wa Hassana rahama.